Kwamin tsuntsayen Baba ya fara yoyo

Isuhu: Salamu alaikum jama'a. Masu sanin siminti ku taimaka mini da shawara. A gidanmu nan Geben Zogi, Tawa, akwai kwamin da marigayi Baba ya zuba don tsuntsaye, ƙarƙashin bedin tsakar gida. Kamar babbar tasa yake, faɗin bakinsa santimita 80, yana zaune kan ƙafa guda mai kai gwiwar babba. Shekarar da aka yi shi tana nan a leɓensa, 1987, da ƙusa Baba ya rubuta tun simintin yana ɗanye. Tun tasowata ban taɓa ganin kwamin nan a bushe ba, ko lokacin da muke sayen ruwa wurin ƴan garuwa sai an raga masa rabin bokiti. To tun bara ya fara yoyo. Tsaga ce ta taso daga baki ta gangara har tsakiya, in na cika shi bayan Asuba, kafin Azahar sai danshi. Watan jiya na kwaɓa siminti zalla na shafe tsagar, washegari na zuba ruwa. Bai yi sati biyu ba abin ya ɓamɓare kamar ɓawon ƙwai. Yanzu ga Maris ya raba, zafi ya kunno kai, kurciyoyi sai su sauka su leƙa su tashi. Yaya zan yi da shi?

Nomau Madawa: Wa alaikumus salam. Abin da ya kusa shekara 40 ai ya yi ƙoƙari. Sa masa guduma ka huta, ka raba bido gida biyu ka aje masu. Tsuntsu bai san siminti ba, ruwa ya sani.

Zuwera Abijan: Nomau ka kiyaye ni. Isuhu, wallahi in guduma ta taɓa kwamin nan ni da kai ne. Ka duba hagu da shekarar, akwai ɗan tafin hannu. Nawa ne. Ina da shekara 4 Baba ya kama hannuna ya danna a wurin, Inna na ta faɗa wai siminti zai ci mini fata. Gidan duk an sake shi, ɗakin Baba an rushe, abin da ya rage da hannunsa ke nan.

Isuhu: Yaya ai ban ce zan fasa ba. Da fasawa nake so da ban tambaya ba.

Baba Ada maso: Ɗiyana ka rubutawa, ni ina hwaɗi. Isuhu, kahin kowa shi ba ka magani, ka yi mini abu ukku. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi jikin kwamin da ƙwanƙwasa a hankali, inda ad da lahiya za ka ji ƙara tsantsan, inda ya saki za ka ji awa ganga. Sannan ka duƙa ka duba ƙarƙashi, ko akwai jan zane kalar tsatsa bisa hanyar tsagar. Na ukku, ka tura shi da hannu ka gani ko ƙahwar na motsi. In ƙahwa na rawa, ko mi ka shahwa sai ya sake buɗewa.

Saini Yamai: Gaskiyar Baba Ada. Zan ƙara ɗaya. Kar ka ɗora wa tsaga laifin rana. A zafin Afrilu da Mayu rana kaɗai tana iya shanye kusan santimita guda na ruwa a wuni, balle wuri mai faɗi marar zurfi. Ka aje tasa da ruwa kusa da shi, ka yi wa kowanne alama da gawayi, da marece ka gwada. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne yoyon. Za ka buƙaci wannan gwajin bayan gyara ma.

Nomau Madawa: Bazabarme ya zo da lissafi. Mutum ya ce kafin Azahar ya ƙafe ƙaf, kai kana cewa a auna rana.

Saini Yamai: Bagobiri, bawana, je ka nemo guduma ka ba ubangidanka ka yi shiru.

Isuhu: Na dawo. Ƙafar ba ta motsi ko kaɗan. Amma gefen tsagar, kamar faɗin yatsu uku, yana ƙarar ganga. Ƙarƙashi kuma akwai jan zanen da Baba Ada ya ce, har wani wuri ya kumbura, da na sa farce sai ya zube, na ga ƙarfe a ciki baƙi-ƙirin yana ɓarewa salo-salo.

Saini Yamai: To ga ɓarawon nan. Ƙarfen da marigayi ya sa a ciki ne ya yi tsatsa. Siminti sabo yana kare ƙarfe saboda kaifinsa, amma da shekaru iska tana cinye wannan kaifin daga waje zuwa ciki, in ƙarfen yana kusa da fata sai ruwa ya same shi. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki da yawa, sai ta riƙa tura simintin daga ciki har ya tsage. Shi ya sa shafe ta sama ba ya yi. Ka rufe baki, ciwon yana ciki yana ci gaba.

Baba Ada maso: Hakanan ne. Kuma aikin da kay yi na hwarko, Isuhu, kar ka ji haushi, kuskure huɗu ne cikin guda. Ba ka buɗe tsagar ba. Ba ka wanke ƙura da gansakuka ba. Ka shahwa bisa busasshen siminti, tsohon ya tsotse ruwan sabon kahin shi kama. Kuma siminti zalla ba yashi, shi ad da ja da baya in ya bushe, sai shi tsattsage. Halan ma da rana tsaka kay yi?

Isuhu: Wajen ƙarfe 11 ne Baba.

Baba Ada maso: Sun zama biyar.

Hajiya Rabi: Kafin ku gama da guduma da ƙarfe, bayin Allahn nan fa suna jin ƙishirwa yau. Isuhu ɗana, ranar Lahadi ka shiga kasuwa ka sayi kasko na ƙasa, ko ka nemi gindin tsohuwar randa a gida, ka aje nan kusa da kwamin don sun saba da wurin. Ruwan kasko ma ya fi sanyi. Aikin nan da nake ji ba na kwana biyu ba ne.

Isuhu: In sha Allahu Hajiya, akwai fasasshiyar randar Inna a bayan ɗaki, yanzu zan ɗauko.

Saini Yamai: Ga yadda za ka bi. Kurfi ƙarami da guduma marar nauyi, ka bi tsagar ka faɗaɗa ta kamar harafin V, zurfi santimita 1 zuwa 2. Duk inda ke ƙarar ganga ka cire shi, kar ka ji tausayi. Ƙarfen ka tone shi har bayansa, ka bi shi gaba da baya sai ka kai inda yake da lafiya, ka goge da buroshin ƙarfe har ya yi haske. In ya cinye ya zama kamar tsinke, yanke shi ka yar, tasa mai wannan girma za ta zauna ba shi.

Baba Ada maso: Duk na yarda ban da V ɗin nan. V bakinta sirara ne, nan sabon siminti ka yin kauri awa takarda, nan kuma shi ka hwara tashi. Ni gehen nika sarewa tsaye, in da hali ma cikin shi ɗan hi baki hwaɗi, yadda in ya daskare ba shi da hanyar hita. Awa yadda aka ɗaura ƙota ga kalme.

Saini Yamai: Baba, a takarda V muka koya don tsaga siririya, amma a wurin da aka cire ɓawo maganarka ita ce daidai, gefe tsaye. Abin tsoro kawai kaurin kwamin. Isuhu, nawa ne kaurin?

Isuhu: Wajen santimita 5 a baki, tsakiya ya fi haka.

Saini Yamai: To ka bi a sannu, ka tallafe ƙarƙashi da buhun yashi kafin ka fara sara, kar ya rabe biyu a hannunka. In kana da mai aron maka injin yanka na masu karo, ya fi guduma aminci. Ka sa wani abu a ido da hanci.

Nomau Madawa: Ni fa duk wahalar nan ban ga dalilinta ba. A narka gudoro, wato kwalta, a gwangwani a tsiyaya cikin tsagar, magana ta ƙare. Da shi muke like kwanon ɗaki da bokitin ƙarfe tun muna yara. Ko a shafa fentin mai shuɗi, ya yi kyau kamar wurin wankan otel.

Abdu likitan dabbobi: Nomau don Allah a'a. Kwanon ɗaki ba wanda ke shan ruwa a kansa wuni guda cikin rana. Gudoro in ya ji zafin 42 ko 43 laushi yake yi, yana sakin mai a saman ruwa, ya kama gashin tsuntsu da ƙafarsa. Gashin da ya sha mai ba ya aiki. Fentin mai kuma ɓarewa yake a cikin ruwa, su tsattsage shi su haɗiye, wasu fentin ma har yanzu akwai dalma a ciki. Tsuntsun da bai kai nauyin ƙwai ba, abin da zai kashe shi ɗan kaɗan ne. Haka baƙin mai na mota da wasu ke shafa wa katako, ko kusa.

Nomau Madawa: To likita, na janye gudoro. Shuɗin fentin dai ina nan a kansa, a shafa a ƙafar daga waje.

Mamman: Ni wata silikon na gani a kankaleri, shagon kayan gini, irin ta banɗaki, ba za ta yi ba?

Saini Yamai: Ta banɗaki yawanci akwai maganin hana funfuna a cikinta, ba a son ta a ruwan sha. Wadda ake haɗa gilashin kifi da ita ba ta da shi, amma ita ma ba ta daɗewa a kan tsohon siminti mai danshi, kuma ba ta maganin tsatsar da ke ciki. Siminti da siminti ake gyarawa. Abin da zan so ka nema, Isuhu, shi ne farin ruwan nan mai kama da madara, Sikalatex ko irinsa. Awo 1 nasa, awo 2 na ruwa. Da shi za ka dama kunun siminti, wanda masoni ke ce wa barbotin, siminti 1 yashi mai laushi 1, ka shafa da buroshi a cikin ramin da kan ƙarfen, kana cusawa sosai. Tun kunun yana ɗanye yana kama yatsa za ka danna kwaɓin a kai, siminti 1 yashi 2. In ka bari kunun ya bushe ya zama gilashi, ka ɓata aiki. In ka cike ramin, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka bi cikin tasar gaba ɗaya da shafe biyu, kowanne kamar rabin santimita. Garin hana ruwa irin Sikalite kuma kilo 1 ake sa wa buhu mai kilo 50, wato kai da ba za ka wuce kilo 5 na siminti ba garam 100 ya ishe ka. Ka karanta jikin ledar ka ga an ambaci wurin ajiye ruwa.

Baba Ada maso: Yaran zamani da madara. Saini, kwamayen rijiyoyin da munka zuba cikin Adar da simintin Malbaza, shanu da raƙuma na sha har yau, wace madara munka sa? Yashi mai kyau, ruwa kaɗan, dannawa da cokali, da ban ruwa. Shi ke nan. Kahin siminti ma mutane na da dubara. Makuba ta ɓawon ɗorawa anka riƙa yi ma daɓe da bango. Marinar Kano kuwa da laso anka shahe ramukkan, katsi da anka toya da gashin majema da dahwara, kuma suna riƙe ruwa shekara da shekaru.

Saini Yamai: Baba ban musa ba. Amma ku sabo kuka zuba gaba ɗaya. Nan sabo za a ɗora wa tsoho mai shekara kusan 40, kuma shafen siriri ne, a garin da iska ke busar da wanki kafin a gama shanya. Madarar don kamun ce. In bai samu ba, kunun siminti da ruwa ma yana yi in an jiƙa tsohon sosai.

Baba Ada maso: To wanga na yarda. Isuhu ji nan. Tun daren jiya za ka jiƙa shi, ka cika ramin da tsumma jiƙaƙƙe shi kwana shina sha. Lokacin aiki shi zan da danshi amma ba ruwa kwance, in ka aza tahin hannu kar shi yi ƙyalli. Yashi na ƙorama, mai kaihi, ba rairayin ƙohwar gida ba. Zuba kaɗan cikin kwalba da ruwa ka girgiza ka aje, in laka ta kwanta bisa da kauri, wanke shi. Ka tankaɗe da rariya. Kwaɓi kar shi yi ruwa, in ka dunƙula shi tsaya awa dawo. Kuma bayan La'asar sakaliya za ka hwara, dare shi taimake ka. Siminti ba bushewa shi kai ba, ɗiyana, sha shi kai. Ruwan nan shi ka zama ƙarhinai. Ka ruhe da buhun algarara irin na albasar Galmi, jiƙaƙƙe, ka aza leda bisa, kwana 7 kar ka bari shi bushe ko sau guda.

Zuwera Abijan: Shafen nan da kuke cewa a bi cikin gaba ɗaya, zai hau leɓe?

Saini Yamai: A'a Hajiya. Ya tsaya yatsa biyu ƙasa da leɓe. Ya rufe hannun da shekarar da leda da salatif kafin ya fara.

Hajiya Rabi: Ni tawa maganar ta tantabaru ce, shekara 20 ina kiwonsu. Masoni suna son su goge abu ya yi sulɓi kamar madubi, su yayyafa garin siminti su bi da cokali. Kar a yi wa tsuntsu haka. Na taɓa sa aka yi mini ɗan kwami mai sulɓi da zurfi, wata safiya na tarar da ɗan shila a ciki ya mutu, farcensa bai samu abin kamawa ba. Ka bi shafen ƙarshe da soso ya yi ɗan kaushi. Ruwan kuma kar ya wuce santimita 5 a tsakiya, gefe ya zama ɗan kaɗan, don ƙananan nan jajaye masu shiga har cikin ɗaki ba sa shiga inda ya wuce ƙafarsu. Ka sa duwatsu biyu uku da suka ɗan fito sama, ƙudan zuma ma suna sauka a kai su sha ba su nutse ba.

Isuhu: Na Baba zurfinsa ya kai santimita 12 a tsakiya, dama akwai wani baƙin dutse da ke zaune a ciki tun da, ashe dalilinsa ke nan. Ni na ɗauka na wanke ƙafa ne.

Ɗan Ladi: Ku yi mini haƙuri, ni manomi ne. Ana ta wahalar shayar da tsuntsu, in kaka ta yi su ne za su sauka a kan hatsinmu. Wanda ya taɓa kwana yana kaɗa gwangwani a gona saboda jan-baki ba zai sayi siminti don tsuntsu ba.

Malam Habibu: Ɗan Ladi, an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko akwai lada a kan dabbobi, ya ce a cikin kowace hanta mai danshi akwai lada. A kan kare ma aka yi maganar, mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo masa ruwa da takalminsa. Korar tsuntsu daga gona halal ne, shayar da shi a rani kuma lada ne, ba su ci karo ba.

Abdu likitan dabbobi: Kuma jan-baki da kake magana ba kwamin tsakar gida yake jira ba, garkensu dubbai ne, manyan tabkuna irin na Tabalak suke bi. Masu zuwa gidan Isuhu kurciya ce da hasbiya da ƴan ƙanana.

Ɗan Ladi: Kurciyar ma ba azumi take ba. Amma na ji.

Abdu likitan dabbobi: Tun da an zo nan, in faɗi abin da ke damuna fiye da yoyon. Kwamin da ba ya yoyo shi ne mai tara cuta, don ruwan yana kwana. Sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin ɗumi, kuma mai kawo masassara ruwa mai tsabta marar zurfi yake so. Saboda haka kowane kwana biyu a zubar a goge da buroshi a sake, da damina ma kullum, ko a kife wani abu a kai tun da ruwa ya wadata ko'ina. Sannan akwai ciwon maƙogwaro na tantabaru da kurciyoyi, za ka buɗe baki ka ga wani abu rawaya kamar cuku ya toshe, ta ruwan sha yake yaɗuwa. In ka ga tsuntsu ya kumbura gashi yana zaune bakin kwami ba ya tashi, ka zubar da ruwan ka bar shi ya bushe a rana kwanaki. Kajin gida kuma a raba masu wurin sha da na daji. Waɗanda suka ga murar tsuntsaye ta 2006 a Magariya sun san abin da nake nufi.

Mamman: Da me ake wankewa? Omo?

Abdu likitan dabbobi: Buroshi da ruwa sun isa yawancin lokaci. In ya yi kore sosai, jabel, wato bilic, awo 1 ruwa awo 9, a ɗauraye sau da yawa, a bar shi ya bushe kafin a zuba na sha. Ko binegar a wannan awon. Amma kar a haɗa jabel da binegar wuri ɗaya, hayaƙin da ke tashi guba ne. Omo yana wanke man da ke jikin gashinsu, a bar shi.

Isuhu: Jama'a an yi aiki jiya bayan La'asar, ni da ƙanena. Ƙarfen da muka tono waya ce mai kaurin fensir, wani wurin da hannu ma ta karye, mun cire kamar taƙi biyu. Madarar na samu rabin lita wurin wani maso da ta rage masa. Sai dai yau na fita aiki, na bar wa yara sallahun su jiƙa buhun, da na dawo Azahar na tarar akuya ta janye ledar, buhun ya bushe ƙayau. Na ga ƴan layuka sirara a saman cikon kamar gizo ya yi saƙa. Na ɓata ne?

Baba Ada maso: Sa hwarce. In hwarce bai shiga ba, kuma ka ƙwanƙwasa ba ka ji ganga ba, na sama ne, shahen da za ka yi zai ruhe su. Jiƙa shi yanzu yanzu. Akuyar kuma a ɗaure ta, ko a kai ma Nomau.

Nomau Madawa: A kawo, Sallah na tafe.

Isuhu: Farce bai shiga ba. Alhamdu lillahi. Gobe shafe na farko.

Isuhu: Yau kwana 8 da shafe na biyu. Ban bari ya bushe ba, har ƙararrawar waya na sa. Na cire buhu, ya yi toka-toka mai kyau, ba tsaga. In zuba masu ruwa su sha?

Saini Yamai: Zuba ruwa, amma ba na sha ba. Siminti sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, kuma zama cikin ruwa yana ƙara masa. Cika shi har baki ka rufe da faranti ko tabarma kar su samu.

Baba Ada maso: 28 na masu gada ne da bene. Tasa wace kaya za ta ɗauka? Sati biyu ya isa.

Malama Hadiza: Baba Ada, a gafarce ni, ba don ƙarfi kaɗai ba ne. Sabon siminti yana sakin kaifi cikin ruwa, irin na toka da kanwa amma ya fi su nesa. A ma'aunin kaifi da muke koya wa ɗalibai ruwan sha yana wajen 7, ruwan da ya kwana a sabon siminti yana iya haura 11 har 12. Shi ke tsattsaga hannun masoni. Isuhu, sa yatsu biyu a ruwan da ya kwana ka murza, za ka ji santsi kamar sabulu, za ka kuma ga wata farar yana a sama. Ga gwajin da ba sai ka sayi komai ba. Jiƙa zoɓo, bisap ɗin nan, ba sukari. Ɗebi ruwan kwamin a kofin gilashi ɗaya, ruwan pampo a wani, ka ɗiga zoɓon cokali guda a kowanne. Na pampo zai tsaya ja ko ya ɗan yi shuni. Na kwamin in da sauran kaifi zai juya ya yi kore-kore mai duhu. Ka riƙa zubarwa kana sakewa duk kwana biyu, ranar da kofunan biyu suka zama kala ɗaya, ka buɗe masu.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Ashe shi ya sa in kanwa ta taɓa zoɓo yake baƙi.

Malama Hadiza: Shi ne Hajiya. Ruwan da ake zubarwa kuma kar a ba shuka mai laushi, a watsa a tsakar gida ya kwantar da ƙura.

Baba Ada maso: Shekara 45 ina aikin ga, yau ɗiyar cikina ta koya mini da bisap. To a bi ta Malama.

Isuhu: Na gwada. Wallahi kore ya yi kamar ruwan kuka. Yara sun taru suna cewa na iya dabo.

Isuhu: Salamu alaikum. Yau kwana 26. Sau 9 na sake ruwa, shekaranjiya kofunan suka daidaita. Na yi gwajin Saini ma, tasa da kwami kowanne ya sauka kamar faɗin yatsa daga safe zuwa marece, ƙarƙashi kuma a bushe. Na mayar da baƙin dutsen Baba na ƙara biyu. Jiya da hantsi na buɗe. Wanda ya fara zuwa ƙadangare ne, ya yi ta gyaɗa kai kamar shi ya biya kuɗin siminti. Sai hankaka ya zo da busasshen burodi ya jiƙa, ya ɓata ruwan, na sake. Kurciyoyin sun fi awa suna kan bedi suna kallo, sun saba da randar Inna, sai wajen La'asar guda ta sauka. Yau da safe na ƙirga 14. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga hotuna.

Hajiya Rabi: Ma sha Allah. Allah ya kai ladan kabarin Malam. Randar ma kar ka ɗauke, ka bar wa ƙananan.

Abdu likitan dabbobi: Ya yi kyau. Tulin birgin nan da nake gani a bayansa a matsar da shi, maɓoyar mussa ce.

Zuwera Abijan: Isuhu, hoto huɗu ka turo, duk ta gefen dama. Ɗauko mini hagu.

Zuwera Abijan: Ina ganinka a kan layi.

Isuhu: Yaya, dama ina so in kira ki.

Zuwera Abijan: Turo hoton.

Zuwera Abijan: Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ina ɗan ƙaramin yatsana?

Isuhu: Ranar sara ne, tsagar ta bi ta kusa da shi, bugu na biyu ya ɓalle. Ban yar ba wallahi, yana nan cikin kwalin ashana a ɗakin Inna, guda ne bai farfashe ba.

Saini Yamai: Wannan mai sauƙi ne. Leɓe ne, ruwa ba ya zama a wurin. Gam mai haɗi biyu irin Araldite, a goge ƙura, wurin ya bushe sarai, ɗan kaɗan a tsakiya kar ya tsatso gefe, a ɗaure da salatif ya kwana. Ka rage ruwan ranar.

Zuwera Abijan: Kar ya taɓa. Ina zuwa da Babbar Sallah, ni zan manna abina.

Nomau Madawa: Hajiya ki taho da gam ɗin daga can, ni zan riƙe maki Isuhu.